Kwamfutar da Ba Ta Mutuwa Sai a Gida

Kuchigoro, Abuja
Farkon Maris, 2008

Zuwa ga Maman Yusra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya ruwan zafi? Mubarak yana barinki ki runtsa kuwa? Ki gaishe min da Inna, ki yi mata sannu da ɗawainiya, ki shafa min kan Yusra.

Na san za ki ce ga waya a hannunka, me ya kawo takarda. Kin dai san halina. A waya in na gama tambayar lafiya sai kaina ya kulle, maganar ba ta zuwa sai na kashe. Ɗangoggo direba kuwa yana zuwa Funtuwa duk mako, ya ce ambulan ba ta cin kujera.

Ga abin da ke tafe da ni. Ranar Litinin Oga Uthman ya tara mu a ofis. Ya ce masu gini a Maitama yanzu ba sa son a shimfiɗa musu takarda. So suke su ga gidan a tsaye cikin kwamfuta, a juya musu shi, su leƙa ta baya, su ce a canja fenti. Teburan zane da suka rage za a fitar da su ƙarshen Afrilu. Mu da muke zane da hannu, wanda ya iya tayar da gini a kwamfuta kafin lokacin zai zauna, wanda bai iya ba za a sallame shi cikin mutunci. Ba da zafi ya faɗa ba, shi ya sa na san da gaske yake. Ni an ba ni ɗakin maigadi na wani gida da muke yi wa wani ɗan kasuwa: ɗaki ɗaya, bayi, da 'yar baranda. Da da alƙalami ne, kafin azahar na gama.

Kada ki sa abin a ranki. Na gaya miki ne kawai don ban iya riƙe magana ni kaɗai ba.

Kwamfutocin ofis suna hannun matasan da suka fito jami'a, ba sa tashi daga kansu, don haka na dawo kan tamu ta gida, wadda na saya lokacin da ofis ya yi gwanjon tsofaffi. Tana nan a kusurwarta cikin rigar da kika ɗinka mata da ragowar atamfarki mai ganye, jar ƙurar tifofin da ke aikin hanya ba ta samun ta. Zanen shimfiɗe tana yin sa lafiya lau. Amma da na ɗaga bango na ce ta juya min ɗakin, sai ta riƙa tafiya tana tsayawa, bangon ya ɓace ya dawo, kamar mai ciwon gwiwa yana hawa bene. A ofis aka ce min katin hoto take bukata, wato wani ƙaramin allo da ake soka mata a ciki, wanda ba shi da wani aiki sai zana abin da ido zai gani.

Jiya na kwance ta, karo na farko a rayuwata. Batulu, na daɗe ina kallo. Cikinta kamar unguwa ce in an hango ta daga sama: ga tituna, ga filaye a jere, ga dogayen gine-gine, ga kuma wani dogon gurbi babu kowa, kamar fulotin da mai shi bai zo ya gina ba. Nan ne wurin katin. Na ari tef ɗinki na awo na auna tsawo da faɗi, na rubuta a littafina, na sake aunawa don ban yarda da na farko ba. Na mayar miki da tef ɗin cikin gwangwanin zare inda na same shi.

Abin da ban gane ba har yanzu shi ne yadda allo guda zai sa ta iya abin da ta kasa. Ranar Asabar zan shiga Wuse in yi tambaya.

Ki riƙa cin abinci, kunun kanwar nan kuma ki daure ki sha ko ba kya so.

Naki har kullum,
Badamasi


Kuchigoro
Tsakiyar Maris

Maman Yusra,

Sallama irin ta addini, da gaisuwa gare ki da duk mutanen gida. Ƙullin yajin da kika ba Ɗangoggo ya iso, da 'yar takardarki. Na gode da addu'a. Na ji daɗi da kika ce ɗinkin da aka yi miki wajen haihuwa ya daina ja.

Na je Wuse. A bene na biyu na wata filaza akwai shagon wata mai gyaran kwamfuta, sunanta Christina, 'yar Kafanchan ce, za ta yi sa'arki. Na cire wa kwamfutar riga na ninke na ajiye a kan filonki, na sa ta a jakar bakko, na rungume ta a cikin bas kamar jinjiri. Da Christina ta ga awon da na rubuta sai ta ce, "Oga, kai tela ne?" Na ce a'a, matata ce tela. Ta kawo wani kati ɗan Beljiyom, wato na hannu, mai 'yar fankarsa ta kansa. Ya shiga gurbin cif, har da ragowar yatsa biyu. Awona bai ba ni kunya ba.

Ana kunnawa sai kwamfutar ta ƙwala wata ƙara mai tsini, allon kallo kuma baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, na ƙona ta. Christina ko a jikinta. Ta ce, "Yunwa ne yake ji, ba mutuwa ba." Ta nuna min wasu ramuka shida a gefen katin. Ashe wutar da yake samu ta gurbinsa ba ta isar sa, sai an ja masa wayarsa ta musamman daga fawa-fak. Fawa-fak shi ne akwatin ƙarfen nan da ke sama ta baya, wanda yake karɓar wutar bango ya rarraba wa kowane sashe daidai cikinsa. Namu ba shi da irin wannan wayar, kuma a jikinsa an rubuta wat ɗari biyu da hamsin, alhali katin ba ya yarda da ƙasa da ɗari huɗu.

Na tambaye ta me zai faru in an yi dabara an haɗa haka nan. Ta ce zai tashi, zai yi ƙananan ayyuka lafiya, amma ranar da aka ba katin babban aiki ya ja wuta da ƙarfi, fawa-fak zai faɗi, in an yi rashin sa'a ya tafi da wasu. Sai na tuna famfon gidan nan. In mutanen ɗakunan gaba suka buɗe nasu gaba ɗaya, mu na ƙarshe sai iska. Na gaya mata, ta ce haka ne, sai dai famfo ba ya kamawa da wuta.

A shagon kusa na ga wani fawa-fak sabo fil yana ƙyalli, an rubuta masa wat ɗari shida, ga araha. Na ɗauko ina murna na kawo mata. Ta karɓa ta jinjina shi a hannu kamar mai sayen doya, sannan ta miƙo min wani tsoho mai ɗari huɗu da hamsin ta ce in kwatanta. Tsohon ya kusa ninka shi nauyi. Ta ce lamba kowa yana iya bugawa a takarda ya manna, amma tagulla da ƙarfen da ke ciki sai an saya. Na ce to na gane, nauyi ne ma'auni. Sai ta yi dariya ta jawo wani daga ƙarƙashin tebur wanda ta riga ta buɗe. A cikinsa akwai wani dunƙule da aka naɗe da rawayen tef, da wayoyi biyu da ba su zuwa ko'ina. Ta fasa gefensa. Siminti ne. Masu yin na jabu sun gano ana jinjinawa.

Batulu, abin nan ya tsaya min a rai. Wato wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya zauna ya kwaɓa siminti don ya yaudari tafin hannun wata mata a Wuse. Ina ta tunanin ko yana gaya wa iyalinsa irin aikin da yake yi. Na ce mata to yanzu ta yaya mutum zai gane? Ta ce a haska tocila ta ragar a ga abin da ke ciki, a duba ƙarfin da aka rubuta a layin bolt goma sha biyu don daga nan katin yake sha, sannan a saya wurin wanda gobe za a same shi a shagonsa.

Tsohon mai nauyi na ɗauka. Ta ɗaura shi, ta soka wayar mai haƙora shida, muka kunna. Na buɗe ɗakin maigadina na taɓa shi, sai ya juya sumul kamar faifai a hannu. Na juya shi dama, na juya shi hagu, na hango shi ta sama. Ban san na daɗe ba sai da ta ce, "Oga, ya isa, za ka sa maigadin jiri."

Na dawo gida lafiya, na mayar mata da rigarta, na ɗaure igiyoyin yadda kike yi. Gobe in Allah ya yarda zan fara aiki gadan-gadan.

Ki ce wa Yusra in ta dawo zan bar ta ta juya ɗakin da hannunta.

Mijinki,
Badamasi


Kuchigoro
Farkon Afrilu

Maman Yusra,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Yaya zafi a wajenku? Nan dai sai haƙuri, kwano yana gasa mu tun hantsi.

Na yi jinkirin rubutu don na so in aiko miki da labari mai daɗi, to bai samu ba. Kwamfutar tana mutuwa.

Ga yadda take yi. In na kunna ta tana tashi lafiya. Ina cikin aiki, musamman in na zo ɗora rufi ko na ce ta sa hasken rana da inuwa, sai ta ɗauke ɗif. Ƙwan ɗaki yana ci, fankar sama tana juyawa, ita kaɗai ce ta mutu. In na danna maɓalli ba ta amsawa. Amma in na je masallaci na yi la'asar na dawo, sai ta tashi kamar ba ita ba. Na kuma lura da safe ta fi daɗewa, da rana kuwa ba ta jimawa. Rufin ɗakin nan na ɗora shi ya ɓace, na sake ɗorawa ya sake ɓacewa, har na koyi adana aiki bayan kowane layi.

Na mayar wa Christina. Ta kunna ta a shago ta ba ta aiki mafi nauyi, muka zauna muna kallon ta tun azahar har aka fara rufe shaguna. Ko tari ba ta yi ba. Na kawo ta gida, ta mutu. Na sake kaiwa, ta sake yin lafiya. Christina ta ce, "Kwamfutarka yana son Wuse ne, ka kama masa haya a nan." Na yi dariya, amma a bas ban yi ba.

Na ce to laifin gidan ne, na bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, don in aka canja biyu tare ba a sanin wanne ne. Na canja soket. Na aro sitabilaizar maƙwabci. Na cire firij. Na gwada da janareta, na gwada da wutar gari. Na sayi sabuwar wayar bango. Duk ɗaya. Iyatu mai waina ta ga ina ta shiga da fita da jaka, da na ba ta labari ta ce abin da yake lafiya a kasuwa ya kwanta a gida ba na makanike ba ne, in nemi a yi mata tofi. Ban yi musu da ita ba.

Wani lokaci sai in ce ko ni ne. Ko akwai abin da nake dannawa a gida wanda kunya take hana ni dannawa a gaban mutane. Ko kuma hannun da ya girma da alƙalami ba na wannan aikin ba ne. Malam Yelwa da muke tebur kusa da juna ya riga ya haƙura, ya fara kwashe alƙalumansa yana kaiwa gida, ya ce zai koma gona a Paikon Kore. Shi yana da gona. Amma gaskiya, Batulu, ko da babu maganar aiki, ina so in san dalili. Ƙarfe ba ya sanin unguwa. Dole akwai abin da yake nan wanda babu shi a can.

Christina ta ce za ta zo ranar Lahadi bayan coci ta ga wurin da idonta. Na yi mata godiya na ce a'a. Kina Funtuwa, gidan haya ne, kin san idon mutanen tsakar gidan nan. Ba zan shigo da mace ɗakinki ba kya nan ba, ko da sukudireba ce a hannunta. Ta ce, "To tunda ni ba zan je ɗakin ba, sai ka kawo ɗakin." Wasa take yi. Ni kuwa da na kwana da maganar sai na ga ita ce daidai. Ranar Asabar zan ɗauki shatar tasi in kwashi duk abin da ke kusurwar nan, in jera shi a shagonta yadda yake a gida.

Ki sa mu a addu'a. Watan ya kama, kin san abin da ke ƙarshensa.

Naki,
Badamasi


Kuchigoro
Tsakiyar Afrilu

Batulu,

Barka da arba'in, Allah ya raya Mubarak. Na ji Inna ta ce sai kin ƙara ƙwari kafin ki dawo, ban ƙi ba. Ki zauna da kyau kafin ki karanta wannan, kada dariya ta taɓa miki ɗinki.

Na kwashi tebur, da sitabilaiza, da allo, da wayoyi, har 'yar tabarmar da ke ƙarƙashi. Ina hawa bene da tebur a ka, masu shaguna suna tambaya ko mai gida ne ya kore ni. Christina ta matsar da kayanta ta ba ni kusurwa. Na jera komai, na auna tazarar tebur da bango da tef ɗinki don ta zo daidai da ta gida. Da na gama sai na buɗe jaka na fito da rigar, na zura wa kwamfutar, na daidaita bakin da kika bari na maɓalli, na zaro wayoyi ta 'yar tsagar baya, na ɗaure igiya.

Na juyo na ga Christina ta saki baki. Ta ce, "Oga Badamasi. Haka kake sa masa a gida? Yana aiki, yana cikin wannan?" Na ce ƙwarai, saboda ƙura. Sai ta fashe da dariya har ta dafa ƙofa, ta kira mai shagon kusa ta ce ya zo ya ga kwamfuta mai zuwa biki.

Da ta lafa ta ce in cire rigar in kunna, in kai hannu bayan fawa-fak. Iska ce take fitowa mai zafi kamar ta bakin murhu. Ta ce duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take zama, kuma dole ya fita. Fawa-fak ɗinmu na farko, lokacin da babu kati, ɗan kaɗan yake ci, shi ya sa ya zauna cikin riga bai ce komai ba. Waɗannan sababbin kuwa cinsu ya kusa ninkawa. Rigarki ga soso a ciki, ga baya a rufe, ga ramukan gefe a toshe. In zafi ya kai masa wuya sai ya kashe kansa don kada ya ƙone, in ya huce ya tashi. Ta ce in gode wa Allah mai nauyin na saya, da mai siminti ne da yanzu wani labarin ake yi.

Kin san ni, ban yarda nan take ba. Na ce a gwada. Muka sa riga muka ba ta aiki, ta mutu a gaban kowa, a tsakiyar Wuse. Ban taɓa jin daɗin mutuwar abu kamar wannan ba. Muka cire, ta yi aiki har aka tashi. Da na juya cikin rigar sai ga wata da'ira ruwan ƙasa a jikin soson, daidai girman fanka. Sau nawa na ninke rigar nan da hannuna ban duba cikinta ba. Na lissafa soket, na lissafa firij, amma ita ban taɓa ɗaukar ta a matsayin wani abu da za a gwada ba. Tun da kika sa mata ita, a wurina ta zama jikinta.

Ba laifinki ba ne ko kaɗan. Kwamfutar da babu kati kika ɗinka wa, kuma ta yi mata daidai. Christina ma ta juya ɗinkin tana dubawa, ta ce in tambaye ki ko za ki yi wa firintarta irinta, ta rufewa in an tashi. Ta miƙo min almakashi ta ce in huda baya kawai a wuce wurin. Na ce a'a.

Yanzu aiki ya rage. Ki gaida kowa.

Badamasi


Kuchigoro
Ƙarshen Afrilu

Maman Yusra,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kamar yadda nake lafiya. Ki gaya wa Inna saƙonta na kuka da kuɓewa ya iso, Allah ya saka.

Na gama ɗakin maigadi. Amma akwai abin da ya faru kafin in miƙa. Ina juya shi don dubawar ƙarshe sai na zagaya ta baya, na ga bango shafe, babu ko huda. Haka tsarin yake: ƙofa da taga duk a gaba suna kallon get, don lambun mai gida yana baya, ba a so a riƙa leƙa shi. Irin ɗakin nan na zana shi da hannu ba adadi, ban taɓa damuwa ba, don a takarda mutum ba ya zagayawa baya. Ina kallon bangon, iskar fawa-fak tana dukan ƙafata ta ƙarƙashin tebur. Sai na buɗe 'yar taga a can sama kusa da rufi, inda ko dogon mutum ba zai ga lambu ba. Na goge ta, don ba a sa ni ba. Na sake mayar da ita. Haka na kai.

Oga Uthman ya zauna ya kama linzamin kwamfuta yana juya ɗakin. Da ya zo baya sai ya tsaya. Ya ce, "Malam Badamasi, wa ya ba ka wannan tagar?" Na ce, "Yallaɓai, babu. Na ga zafi ba shi da hanyar fita ne." Ya matso da ita, ya nisanta, ya leƙa ta ciki. Can ya ce in ƙara mata faɗi kaɗan in sa mata raga saboda sauro. Sannan ya ce ɗakunan ma'aikata na bayan gidan ma ni zan tayar, in fara ranar Litinin, akwai kwamfuta kusa da ƙofa.

Bai ce na ci ba, ni ma ban tambaya ba. Ban sani ba ko aikin ne ya gamsar da shi ko tausayi ne, wannan zan daɗe ina juya shi. Abin da na sani, ranar Juma'a an fitar da teburan zane, ni ba a fitar da ni ba. Na taya su ɗaukar nawa har bakin mota.

Ga rigar nan na ba Ɗangoggo tare da wannan takarda. Ban sa mata almakashi ba, ɗinkinki ne. Na dai zana da allinki inda ake bukatar taga: ɗaya a baya ta sama, ɗaya a gefen hagu, na rubuta awon a jiki, kuma sau biyu na auna. Kada ki hau keke sai Inna ta yarda. Kafin nan kwamfutar tana zaune haka nan babu sutura, kullum da safe ina goge mata ƙura da tsohon ɗankwalinki. Ɗakin dai bai yi kama da naki ba. Ki gyara mata ki taho da ita.

Mijinki mai jiran ku,
Badamasi